Daga Garwa zuwa Mokolo da jakar takardun Yaya

Da asuba muka bar Garwa, a arewacin Kamaru, ni da yayata, sanyin hunturu na ratsa ƙashi. Ni ɗan rakiya ne kawai, don mijinta ya ce ba za ta yi hanyar arewa ita kaɗai ba. A ofishin kula da jin daɗin jama'a take aiki, wanda 'yan unguwa ke kira afer sosiyal, ita kuma Madam Sosiyal. Wata mata ce ta zo mata da kuka: tun lokacin da rikicin Boko Haram ya watsa garuruwan bakin iyaka suka rabu da ɗanta wajen gudu, sai ga labari wai yana hannun wata tsohuwa a kusa da Mokolo.

Mun wuce Figil da ƙurar kamfanin simintinta kenan sai taya ta fashe, safayar ma ba iska. Muka zube gindin wata tsamiya. Yaya ta rungume jakarta kamar mai goyo, ni kuwa na samu abin tsokana.

"Yaya, wai fisabilillahi albashin me kike ci? Abin da Gwaggo ke yi kyauta shi ne kike yi da biro."

Ta harare ni, ta zaro takarda ɗaya mai cike da tambayoyi da Faransanci, ta ce wannan ta girmi kakanmu. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tsara sadaka, saboda attajirai na ƙorafin mabaraci ɗaya na karɓa a gida goma. Sai suka riƙa aika mutane gida-gida suna rubuta halin kowa, suna ware wanda a ganinsu ya cancanci taimako da wanda suka ce lalaci ne ya kai shi. Daga baya a Amurka wata mata, Mary Richmond, ta mai da wannan bincike sana'a. A littafinta na 1917 ta ce a ji ta bakin dangi da maƙwabta da makaranta da likita tukuna, kamar yadda ake gano cuta kafin a ba da magani. Na ce ashe bin diddigi ne asalin aikin nata. Ba ta musa ba.

Sai bayan la'asar muka shiga Marwa. Gonakin masakwa kore shar a tsakiyar rani, kogin Mayo Kaliyawo kuma yashi zalla, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Gidan Gwaggo muka sauka a Domayo, gidan da ban taɓa sanin adadin masu kwana cikinsa ba. A daren na ƙirga almajirai biyu masu akushi na kullum, da bazawara da 'ya'yanta uku, da wani dattijo da ya zo asibiti wata biyu da suka wuce bai koma ba. Gwaggo ce uwar adashin layin, ita ake tasa in haihuwa ta zo da gardama.

Muna cin tuwo da miyar yakuwa Yaya ta nuna tsakar gidan da cokali ta ce, "Ga ɗaya ɓangaren asalin aikinmu." Wai a 1884 wasu 'yan jami'a suka tare a unguwar talakawa ta gabashin Landan, a gidan da ake kira Toynbee Hall. Jane Addams ta je ta gani, ta koma Shikago ta buɗe Hull House a 1889 cikin baƙin haure. Su a wajensu laifin ba na talaka ba ne, na albashi ne da gidan haya da kwata, shi ya sa suka yi ta faɗa kan sa yara aikin masana'anta, har Addams ta karɓi aikin duba kwasar shara a unguwarta. Ta samu kyautar Nobel a 1931.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ita wannan baiwar Allah, sai da ta ƙetare teku ta koyi zama da maƙwabci?" Ta lissafo mana kaso takwas na masu cin zakka da ke cikin Suratut Tauba, da gayya, da Sarkin Makafi mai sasanta mutanensa. Dariya na yi, har na ɗauka na ci gardama. Yaya dai ta ce namu na ofis ta hannun Faransa ya biyo, inda aka fara ba da takardar shaidar wannan aiki a 1932, kuma sai a 1975, zamanin Shugaba Ahidjo ɗan garinmu, aka ba wa aikin ma'aikata tasa a Kamaru, Delphine Tsanga na minista.

Washegari muka kama hanyar Mokolo, wajen kilomita 80, duwatsun Mandara na ta matsowa da gonakin Mafa masu hawa-hawa. Muka wuce mararrabar sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013, muka ɗauki abokin aikinta na can, muka ƙarasa a kan babur.

Tsohuwar na ɓarar gyaɗa muka same ta. Yaya ta fito da takarda: sau nawa ake ɗora tukunya a rana, buhu nawa ya rage? Nan take fuskar matar ta rufe. "Alhamdu lillahi," ta ce, ta sake cewa, "Alhamdu lillahi." Wa zai tona asirin rumbunsa gaban baƙo? Sai Yaya ta mai da takardar jaka, ta tuɓe takalmi, ta ja faifan gyaɗar gabanta. "Inna, kawo in taya ki." Sun fi awa suna ɓara kafin maganar ta fito da kanta: yadda ta tsinci yaron a bakin kasuwa ƙafafu duk sun kumbura, yadda ta sayar da akuya ta yi masa magani.

A nan ne bakina ya mutu. Yaron ya ƙoshi, yana da tarbiyya, amma ya bar makaranta a aji shida don ba shi da takardar haihuwa, ba a zana jarrabawar fita firamare sai da ita. Samunta yanzu sai an bi ta kotu da shaidu. Inna ba ta san wannan hanya ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. Kuma shekara da shekaru ba wanda ya rubuta sunansa inda uwarsa za ta nema.

Yaya ta kira Garwa ta miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu yana cewa "na'am, na'am", idonsa na kan tsohuwar. Ba a yanke komai ranar ba. An tsaya kan uwar za ta zo bayan sati biyu a zauna gaban mai unguwa.

A motar dawowa ta ɗora takardar bisa gwiwa tana cikewa, ƙullin gyaɗar da Inna ta ba mu na tsakaninmu. Ta zo gurbin da ke tambayar dangantakar mai riƙo da yaro, ta daɗe biro na sama. Na leƙa na ce, "Ai ba su haɗa komai ba." Ta ce in ba ta aron fensir, ta rubuta kaka.