Shekara guda a ajin Malama kafin a ba ni nawa ajin

Ni dai muna shekarar ƙarshe ta karatun malanta a jami'a aka zo aka ce sashenmu ya ƙulla wani shiri da wasu makarantun firamare na unguwannin marasa ƙarfi, duk mai so ya rubuta sunansa. Ba irin koyarwar gwajin nan da aka saba ba ce, wadda za ka je ka yi 'yan makonni sifabaiza ya leƙo sau ɗaya ko biyu ya ba ka maki ka tattara ka koma. Wannan shekara guda cur za ka yi a aji ɗaya, kwana huɗu kana makaranta tare da mai ajin, kwana ɗaya ka koma jami'a lakca. Sai daga baya na san ashe tsarin ya daɗe, a Amurka birnin Shikago ya fara irinsa a 2001, Boston a 2003, kuma daga yadda ake horar da likitoci a gefen gadon mara lafiya suka ɗauko shi. A Finlan ma jami'o'in da ke yaye malamai suna da makarantunsu na kansu inda ɗalibai ke koyon aikin.

Aka haɗa ni da wata malama mai aji huɗu, ta fi shekara ashirin a makarantar. Gaskiya da tausayi na shiga ajin nan, na ga yara wasu ba littafi ba fensir, wasu da ganinsu ka san ba su karya ba, sai zuciyata ta ce kar in matsa musu. Ranar da ta fara bar min darasi na cika allo da rubutu na ce su kwafa, ajin ya yi tsit, ni kuma har cikin raina ina jin na iya aiki. Da aka tashi tara ta ce, "Ƙanena, kira min biyar daga cikinsu kowa ya karanta maka abin da ya rubuta." Na kira. Ɗaya ce kawai ta iya karantawa, sauran huɗun zana haruffan suka yi tsaf kamar hoto ba su san me suka rubuta ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba ta yi min faɗa ba fa, cewa kawai ta yi yaran nan sun ƙware wajen yin shiru don a ƙyale su, kuma duk malamin da ya ji daɗin shirun to an gama da shekarar.

To a makon ne na koma lakca na ba da labarin, sai lakcararmu ta ɗauko mana rubutun wani masani Martin Haberman na 1991, inda ya yi magana kan abin da ya kira koyarwar talauci, wato malami ya ba da umarni, ya ba da aiki, ya duba, ya hukunta wanda ya ƙi, shi ke nan ba tunani ba tambaya, kuma ya ce irinta ta fi yawa a makarantun 'ya'yan talakawa. Da a ce a shekarar farko aka karantar da ni wannan da haddacewa zan yi in rubuta a jarrabawa in manta. Amma da yake kwana biyu da suka wuce na aikata shi da hannuna, sai ya zauna min daram. A ganina duk amfanin haɗin gwiwar nan a nan yake, abin da ka gani a aji ranar Laraba ka samu mai fassara maka shi kafin makon ya fita.

Lakcarar ta kawo mana wata hanya da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, ka zauna da kowane yaro shi kaɗai ka gwada shi, harafi yake ganewa ko kalma ko gajeren sakin layi ko labari, sannan ka raba su rukuni bisa matakin da suke ba bisa shekaru ba. Mun so mu sa wannan karatun rukuni-rukuni ya zama darasin farko da safe, Malama ta ce a'a ku mayar da shi bayan tara, domin yaran da suka fi buƙatarsa su ne masu makara, sai sun gama aikin gida ko sun taya iyaye neman abin sawa a baki kafin su taho. Wannan ba wani farfesa da zai sani daga ofis. Ita ta san wanda ke renon ƙanne, ta san wanda ido ke damunsa ba daƙiƙanci ba. Akwai wani yaro da kullum yake faɗuwa lissafi a takarda, ta ce min ka tambaye shi da baki kamar ciniki kuke, na tambaya kafin in rufe baki ya ba ni amsa, daga nan muka riƙa farawa da abin da ya iya muna kai shi ga rubutu. Bankin Duniya a 2022 ya ƙiyasta kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta, ni kam a fuskokin yaran ajinmu na san wannan lissafin.

Amma fa shirin yana da matsalolinsa kuma ba zan ɓoye ba. Fom ɗin da ake auna mu da shi a jami'a aka tsara, ba a tambayi malaman aji ko ɗaya ba. Malama tana zama da ni bayan tashi kusan kullum muna bitar darasi, ba a rage mata aiki ba, ba wani alawus. Wasu abokaina kuma an haɗa su da malaman da ba a shirya su ba, suna ganin an kawo ɗalibi sai suka sakar masa ajin suka yi gaba, waɗannan sun sha wuya sosai, wasu ma sun bar malanta gaba ɗaya. Taron farko da aka yi manyan jami'a ne a gaba suna ta bayani malaman makaranta a baya sun yi shiru, abin ya min ciwo. Sai a zango na biyu da muka yi ta magana aka fara gayyatar Malama ta zo jami'a ta koyar da mu tare da lakcara, ranar har tsaye wasu suka yi don ba kujera.

UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma makarantu irin tamu su ake turo wa sabbin hannu, su yi shekara ɗaya ko biyu su nemi canji. Ni na zauna, ba don na fi kowa haƙuri ba, don dai ranar da aka ba ni ajina ba abin da ya zo min a baƙo, kuma ƙofar Malama na kusa da tawa. Bana aka turo min ɗaliba daga jami'ar, na ce ba zan karɓa ba sai an ba ni awa biyu a mako cikin jadawali na zama da ita, aka ja aka ja hedimasta ya amince. Jiya ta fara ɗaukar darasi ita kaɗai, gobe da tara za mu kira yara biyar su karanta mata.