Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Hannun da Baffa Ya Ce Yana Rawa

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a birnin Greensboro na Amurka, kuma bisa tsari yau sai in ɗora da aikin kamfanin katako da haihuwar Auta. A yi mini haƙuri. Shekarun nan babu komai cikinsu sai aiki da barci da biyan haya. Abin da ya tsaya mini a rai duk makon nan maganar bindigar Baba ce, ita zan yi.

Kun riga kun san gidanmu gidan maharba ne. Baba da adaka ɗaya ya yi rayuwarsa a Dajin Rugu, dajin da yau ko mai neman itace ba ya iya leƙawa saboda 'yan bindiga. Ranar sadakar arba'in ɗinsa Baffa ya sa aka ɗauko adakar daga bayan ƙofa, a naɗe cikin tsohon bargo. Ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. A gaban mutane, a zaure, ya ce in miƙo hannu. Yaron da bai gama kukan ubansa ba, an tara masa dattawa suna kallonsa, yaya hannunsa zai kasance? Baffa ya duba ya ce, "Bindiga ba ta zama a hannu mai rawa. Kai yaro, je ka yi bokonka." Ya juya ya miƙa wa ɗansa, Yaya. Ko a shari'a gadona ce. Babu wanda ya ce uffan.

Na yi bokon. Shi ya kawo ni Amurka, ban raina ba. Amma maganar ta biyo ni. Ko kofin shayi na ɗauka a cikin mutane sai na saci kallon hannuna.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare shi ya fara yi mini zancen Appleseed. Ya ce wani shiri ne na 'yan sa-kai, ana koyar da harbi da doguwar bindiga Asabar da Lahadi, a haɗa da tarihin yaƙin neman 'yancin ƙasar. Ya ce ai cibiyarsu ma a Ramseur take, a nan jiharmu ta Karolina ta Arewa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kuma daga nan abin ya faro a 2006 kafin ya bazu sauran jihohi. Da na gaya wa uwargida sai ta ajiye ludayi. "Malam, baƙin mutum, Musulmi, ga gemu, ka shiga daji cikin Turawa kowa da bindiga? Me aka yi maka?" Tana da gaskiyar jin tsoro, ni ma na ji. Amma ta san maganar zaure, don haka da asuba ita ta zuba mini abinci a kula.

Abokin nawa ya ara mini Ruger 10/22, 'yar ƙaramar bindiga mai harsashin .22 wadda ba ta dukan kafaɗa. Kafin kowa ya fito da tasa daga mota sai da aka tara mu aka sa muka maimaita dokoki huɗu da baki: bakin bindiga kullum ya kalli inda ba zai cutar da kowa ba, kada ka ɗura sai an ba da umarni, yatsa ba ya hawa kunama sai ka saita abin harbi, kuma ka tabbata na kusa da kai ma yana bin dokokin. Kowace bindiga aka ajiye sai an cire gidan harsashi an cusa wata 'yar tutar roba a cikinta, kowa ya gani babu komai. Malaman ana gane su da hula: mai ruwan lemu yana koyon koyarwa, mai ja ya ƙware, mai kore shi ne shugaban fili. Babu wanda ake biya ko sisi a cikinsu. Mu kan biya kuɗin rajista kaɗan.

Duk harbin a nisan mita 25 ake yinsa, sai dai an ƙanƙanta hotunan da ke jikin takarda yadda za su zama kamar kana harbin yadi 100, 200, 300 har 400. Takardar farko mai jajayen hotuna ce, harsashi 13, ba tare da an koya maka komai ba, don a ga inda kake. Tawa ta tarwatse. Ina tsaye ina kallonta, muryar Baffa kawai nake ji.

Sai wata mata mai jar hula, wadda ta kusa sa'ar Goggo, ta durƙusa gefen tabarmata. Na ce mata hannuna rawa yake yi, tun ina yaro. Ta ce, "Na kowa yana yi. Nawa ma. Shi ya sa ba ma barin hannu ya ɗauki bindiga." Ta kwance maratayin bindigar ta yi masa zarge, ta zura shi can saman damtsena na hagu, ta ja ya kama tsam. Ta sa na tura gwiwar hannu ƙarƙashin bindigar, na buɗe tafi na bar ta ta kwanta kawai. Nauyin ya koma kan ƙashi da maratayi. Daga nan ta ce in saita, in rufe ido, in ja numfashi in sake, in buɗe. Na buɗe na ga saitin ya zame hagu. Ta ce kada in ja bindigar da ƙarfin hannu, in gyara kwanciyar ƙuguna har ta dawo da kanta. Na gyara. Na sake rufe ido, na buɗe, tana nan inda na bar ta. A ƙarshen fitar numfashi, inda ƙirji ke tsayawa, na matsa kunama a hankali. Harsasai biyar suka taru wuri guda, babban yatsa zai rufe su.

Abin da ta koya mini bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Baffa ya san shi, ko irinsa, tunda shi ma wani ne ya kama hannunsa ya nuna masa. Da ya ga hannun ɗan ƙaninsa yana rawa, abin da ya kamace shi ke nan. Allah Ya jiƙansa, na yafe, amma ba zan rubuta cewa ya kyauta ba.

Da rana na yi azahar a bayan mota, babu wanda ya dube ni sau biyu. Na dawo na tarar an zauna a inuwa, mai koren hula yana ba da labarin 19 ga Afrilu, 1775. Ni da na haddace tambayoyi 100 na jarrabawar zama ɗan ƙasa, 1776 kawai na sani. Ya ce Janar Gage ya tura sojan Ingila wajen 700 daga Boston cikin dare su je Concord su lalata makaman mutanen gari. Paul Revere da William Dawes suka hau dawaki suna tada ƙauyuka. Gari na wayewa, a dandalin Lexington, Kyaftin John Parker ya tsaya da mutum kamar 77, manoma da masu sana'a. Aka yi harbi, takwas daga cikinsu suka mutu. A gadar arewa ta Concord kuwa mutanen gari suka mayar da wuta, kuma daga nan har Boston sojan sarki ba su huta ba. Kafin dare an kashe musu 73, na mutanen gari 49.

Ba ya karantawa daga takarda. Da ya zo kan Isaac Davis, maƙerin bindigogi na garin Acton, wanda ya bar 'ya'ya huɗu ba su da lafiya, ya juyo a bakin ƙofa ya ce wa matarsa ta kula da yaran, aka kashe shi a gadar, sai muryar mutumin ta karye. Sama da shekara 200, yana hawaye kamar jiya aka yi. Ya kawo Samuel Whittemore, tsoho ɗan shekara 78 a Menotomy, wanda ya laɓe bayan katangar dutse ya harbi sojoji, suka harbe shi a fuska suka sossoke shi suka bar shi a matacce, ya tashi ya ƙara shekara 18 a duniya. Kuma cikin waɗanda aka raunata a Lexington akwai Prince Estabrook, baƙin mutum, bawa, wanda ya tsaya a sahu don 'yancin da shi kansa ba shi da shi a ranar. Wannan na daɗe ina juya shi a zuciya, har yau bai sake ni ba.

A hanyar gida abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen nan suna riƙe da sunayen kakanninsu, har abin da mutum ya faɗa a bakin ƙofa, suna bayar da shi ga duk wanda ya zo, har ni baƙo. Ni kuwa ban san ranar da Baba ya fara shiga daji ba. Ban san labarin gwankin da ƙahonsa ke rataye a zaure ba. Duk yana wajen Baffa, kuma ya tafi da bindigar ɗaki guda. Wanda aka ce hannunsa na rawa ba a zama da shi hirar maharba.

Jarrabawarsu harsashi 40 ce, a tsaye, a zaune, a kwance, da agogo a kanka. Maki 250 ne, wanda ya kai 210 ake ba shi bajen gwanin harbi. Ban samu a zuwan farko ba, yawancin mutane ba sa samu. Na yi ta komawa, ina kwanciya a falo da maratayi ina gwada numfashi, har ranar da na haye. Matar nan mai jar hula ba ta nan ranar, na so a ce tana nan.

Na ɗauki hoton bajen na tura wa Yaya. Kwana ya yi bai amsa ba, sannan ya kira. Ya ce, "Ƙanena, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Na ce, "Yaya, yanzu ne kuka san ɗan barewa ne?" Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tambaye shi ina adakar. Ya ce ai tun shekarar da aka yi fari ya sayar da ita ya sayi hatsi, ga wani mutumin wajen Batsari, sunansa ma ya manta. Bai taɓa harba ta ba, ko sau ɗaya. Na ce ya nemo mini mutumin, ko nawa ne zan biya. Yadda neman ya kaya, da abin da Inna ta faɗa da ta ji, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.