Mako na biyar: igiyar ruwa ta uku ce ta sa ƙwayar ta zagaya

'Yan'uwa masu koyo, jiya da daddare Allah ya nufa na ga abin da na shafe wata guda ina nema. Ƙwayar farin soso, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, ta zauna wuri ɗaya a kan ruwa tana zagaya 'yar da'ira, ba ta gudu bakin daro ba.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, abin da ya ja ni shi ne binciken da mujallar Nature ta buga a 2025, na masana daga Jami'ar Fudan ta Shanghai da Jami'ar Fasaha ta Nanyang ta Singafo da abokan aikinsu. Sun haɗa lasifikoki da tiyo, suka tayar da igiyoyin da ke kama abu mai yawo a kan ruwa su juya shi, har mai girman ƙwallon tebur.

Nawa kayan na gida ne: daro mai faɗi, tsofaffin lasifikoki uku, amfilifaya, da manhajar waya mai fitar da sauti. Kowace lasifika na manna mata ɗan faifan roba da ke taɓa fuskar ruwa. Ina kaɗa su sau 7 a daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan, sai dai ka ga takardar lasifikar tana numfashi. Tsakanin tudun igiya da na bayansa kusan santimita 4 ne.

Makonni uku na yi da lasifika biyu, kuma nan ne kuskurena. Igiya biyu in sun gamu, layi-layi kawai suke bayarwa, wani layin na rawa, wani na kwance. Da na ƙara ta uku, na jera su kamar duwatsun murhu, tazara daidai, sai fuskar ruwan ta koma kamar saƙar zuma. A cikinta akwai ɗigo-ɗigon da ba sa hawa ba sa sauka, igiyar kuwa tana kewaya su. Wannan ɗigo yana kewayawa dama, maƙwabcinsa hagu. Ajiye ƙwaya kusa da ɗaya ka ga ikon Allah. Na daɗe ina tsammanin sai na jinkirta sautin kowace lasifika daban, ashe ko sauti ɗaya aka raba musu, tsarin zai fito, matuƙar ƙarfinsu ya yi kusan daidai.

Bangon daro shi ne babban magabci, domin igiya tana dukansa ta dawo ta dagula komai. Na yanka soson katifa a karkace na zagaye ciki da shi, ya shanye mafi yawanta.

A sa ƙwaya ɗaya tak. In sun yi yawa sai su manne da juna ko su liƙe a bango. Kuma a ɗauraye daron sosai, don ɗan burbushin sabulu yana kashe ƙananan igiyoyi. Ƙurar hunturu ma haka, shi ya sa nake sauya ruwa kullum.

Saura ƙwallon tebur. Ta ƙi kamuwa, ina ga ta yi wa igiyar santimita 4 girma. Ranar Asabar in sha Allahu zan sauko zuwa sau 5 a daƙiƙa a babban baho, don tazarar tudun igiyar ta ƙaru. Wanda yake da amfilifayar da ke jure irin wannan sautin ba tare da ta yi zafi ba, ya taimaka ya gaya mini irinta.