Ƙudan da ke kallon ƙasa a dajin New Forest

Daga tashar Waterloo a Landan muka hau jirgin ƙasa, ni da wani yayana da ke karatun ƙwari a nan Ingila, farkon watan Yuni, muka wuce Winchester da Southampton sai ga mu a Brockenhurst cikin kamar awa ɗaya da rabi. Garin ƙarami ne, kana fitowa za ka ga dawakai suna yawo bakin titi ba linzami ba makiyayi, duk da masu su fa, mutanen yankin ne ke da haƙƙin kiwo tun kaka da kakanni. Sarkin Ingila William na Ɗaya ne ya keɓe dajin don farauta wajen 1079, a 2005 kuma aka mai da shi gandun ƙasa.

Kafin mu shiga sai da Yaya ya sa na cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, akwai ta sosai a ciyawar wurin. Mun bi gefen wani rafi inda ƙasa ke da danshi, ganyaye sun ruɓe ƙafa na nutsewa, shi kuma ba hanya yake kallo ba, jikin itatuwa yake bi ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren da rana ke bugawa. Can ya ɗaga min hannu.

Ƙuda ne siriri, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ya kafe a jikin bishiyar oak kansa na kallon ƙasa, ya ɗago ƙirji da dogayen ƙafafunsa. Cikinsa ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi a jere har wutsiya. Na ce Yaya wannan ai kamar tsando, ba zai cije ni ba? Ya ce ƙanena kwantar da hankalinka, wannan ba ruwansa da jinin mutum, danginsa na yammacin Amurka da ake kira Symphoromyia su ne masu cizo, matansu ma kawai.

Ya miƙo min ɗan gilashin ƙara girma ya ce fiffike zan duba, don nan ne ake rabewa. Akwai dabbare-dabbare masu duhu a fiffiken, da wani tabo mai kauri kusa da gefen gaba, to wannan shi ne Rhagio scolopaceus wanda Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, ya rubuta tun 1758. Akwai ɗan uwansa Rhagio tringarius, launin jiki kusan ɗaya amma fiffikensa fes yake ba tabo, in ka ɗauki hoto daga nesa ka tura wa masana ba abin da za su ce maka sai ka koma ka ɗauko fiffike. Idanun ƙudan namu sun haɗe a saman kai, namiji ke nan, na mace akwai rata tsakani.

Muna tsaye wani ƙudan ya gifta, wallahi kafin in kifta ido ya zabura ya bi shi ya dawo daidai inda ya tashi, kai ƙasa kamar da. Haka mazan ke yini, suna gadin wurinsu suna jiran mace.

Abin da ya fi tsaya min shi ne da Yaya ya tona ganyen da ke gindin bishiyar da tsinke. Ya ce rayuwar ƙudan mafi tsawo a nan ƙasa take, tsutsa ce mai farauta, tana cin tana da tsutsotsin wasu ƙwari, wanda muke gani a sama ɗan lokacin bazara ne kawai. Shi ya sa ni yanzu raina ke ɓaci in na ga an share gindin itatuwa ƙal an ƙone ganyen, gida guda ake ƙonawa.

Ya saka hotunan da ya ɗauka a iRecord, shafin intanet da ake adana bayanan halittun da aka gani a Birtaniya, tare da sunan wurin da kwanan wata, muka ci burodi da kifin gwangwani a kan wani kututture, yayyafi ya fara sai muka kama hanyar tasha.