Ɗora Injin Peugeot 504 a Kan Sitan Ba Tare da Ya Kife Ba

Yawancin garejinmu a kan tsohuwar taya ake kwance inji, ƙura na shiga ko'ina. Injin 504, motar da kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ya fi ƙarfin wannan wulaƙanci. A kan sitan mai juyawa, wato ƙarfe mai tayoyi da ake ɗaura inji a jikinsa, ya kamata a yi aikinsa, sai dai yana da halaye biyu da ke ba mutum kunya idan bai san su ba: a kishingiɗe yake, kuma silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, cirewa ake yi.

Kafin komai a tsiyaye baƙin mai da ruwa tas. A sassauta notin fulin gaba tun fulaiwil na jiki, domin da shi ake tare karanshaf kada ya juya. Idan an bari sai inji ya hau sitan, ƙarfin da za a sa wa sifana zai iya tuntsurar da shi. Daga nan a cire kulochi, a yi wa fulaiwil alama da fenti daidai mazauninsa, a sauke shi.

Sitan mai taya huɗu da aka rubuta masa kilo 450 ya wadatar. Mai taya uku ban yarda da shi ba, ko ɗan dutse ya taka sai ya karkata. Idan daɓen garejin ƙasa ce, a shimfiɗa faifan ƙarfe ko katako mai kauri.

Hannaye huɗu da ke jikin farantin sitan suna kamawa ne a ramukan da giyabos ke ɗaurewa. Notocin giyabos ba za su kai ba, sai an sayo dogaye. A tafi kasuwa da ɗaya daga cikin na asali don a dace da zarensa, kuma a duba kan notin a ga an buga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Wanda ba lamba a kansa a bar wa mai shi. Tsawon kuwa lissafi ne: tsawon bututun hannun sitan, da kaurin wasa (zoben ƙarfen da ake sa wa noti), da abin da zai shiga bulok, wato kaurin notin sau ɗaya da rabi. Noti mai kaurin milimita 10 ya shiga milimita 15. Gajere zai cinye zare ya zame. Wanda ya yi tsawo zai tokare ƙasan rami, ka ji kamar ya ɗauru alhali farantin na lilo, in ka ƙara matsawa kunnen bulok ya tsage, shi kuwa ƙarfen zubi waldarsa wahala ce.

A zare farantin daga sitan, a ɗaura shi a jikin injin yana rataye a cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya. Nan ne ake yawan kuskure. Ba a saita bututun juyawa da ke bayan farantin da karanshaf, domin nauyin yana sama da shi. Tunda injin 504 ya kwanta digiri 45, "sama" a wurinsa shi ne layin da ya tashi daga karanshaf ya bi silinda zuwa tof (murfin silinda), ba layin da ya miƙe daga botom filet (kaskon baƙin mai) ba. A kan wannan layi za a matsar da bututun, 'yan santimita sama da karanshaf. In aka saɓa, ana zare fil ɗin kulle, nauyin tof zai fizgi injin ya wuntsila, sandar juyawa ta doki hannu ko haƙarƙari.

A shafa giris a bututun, a zura sitan a jikinsa, a sa fil, a sauke a hankali har tayoyin su taka ƙasa. Kada a cire sarƙa tukuna. A bar ta da ɗan sako-sako, mutum biyu su gwada juyawa kaɗan. In ya rinjaya gefe guda, a ɗaga a gyara hannayen.

Sai maganar silib. Ruwan sanyaya inji yana taɓa jikinsu kai tsaye, kuma tof silinda ne ke danne su. Da zarar an cire tof, ko karanshaf aka juya fistin zai iya turo silib sama, balle a kifa injin. Sil ɗin da ke tare ruwa a gindinsa ya motsa ke nan, kuma bayan haɗawa ruwa zai gangara cikin baƙin mai. Saboda haka ana ɗaga tof, a danne bakin kowane silib da faffaɗan wasa da gajeren noti a ramukan notocin tof, sannan a taɓa sandar juyawa.