Tiya uku, magina huɗu

Laraba, Mabera, bayan isha'i.

Yau aikin gida na autarmu ne ya cinye mini yamma. Tana aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawa ta matso. Tambayar farko: tiya 3 ta gero naira 4,500, nawa ne tiya 7? Ta zuba wa takarda ido, can ta ce, "Yaya, mi za ni yi da wanga x?"

Abin dariya, yarinyar nan in Inna ta aike ta Tsohuwar Kasuwa babu mai awon da zai cuce ta ko sisi. Na ce rufe littafin, tiya ɗaya nawa? Kafin in rufe baki ta ce 1,500. To bakwai fa? 10,500. Sannan muka rubuta yadda malaminsu ke so: 3/4,500 = 7/x, a ninka a giciye, 3x = 31,500, a raba da 3, amsa ba ta canza ba. Ni dai na fi yarda da neman kuɗin guda ɗaya tukuna. Wanda ya san farashin tiya ɗaya, ko an ce tiya 40, ko an ba shi naira 9,000 a ce tiya nawa zai samu, ba zai ruɗe ba.

Rigimar tana tambaya ta biyar. Magina 4 suna gama katanga cikin kwana 6, magina 8 fa? Hannunta ya riga ya saba, ta ninka a giciye ta samu 12, har da ja masa layi biyu a ƙasa. Na ce, "Ke, an ƙaro ma'aikata kuma aiki ya ƙara daɗewa?" Ta ce ai in hira suka tsaya yi zai kai. Inna tana daga kan tabarma ta ce wallahi da gaskiyarta.

Muka bi a hankali. Mutum 4 sau kwana 6, aikin yini 24 ke nan. A raba wa mutum 8, kowa ya ɗauki yini 3. A gero, kaya na ƙaruwa kuɗi na ƙaruwa. A gini, hannu na ƙaruwa kwana na raguwa. Na sa ta riƙa rubuta "sama" ko "ƙasa" a gefen kowace tambaya kafin ta taɓa lamba.

Akwai ta ɗan kabu-kabu da ke cin kilomita 20 cikin minti 30, ana neman gudunsa a awa guda. Ita kaɗai ta ninka biyu, 40. Saura tambaya huɗu aka ɗauke wuta, sai gobe bayan Islamiyya.