Hoton mutumin da bai san an ɗauke shi ba

Kamfaninmu ƙarami ne, ni da 'yan matasa masu kyamara. Abin da muke ci da shi hotunan titi ne: masu jiran mota, mai gyaran takalmi ya duƙufa a kan aikinsa, tsohuwa tana tsallaka hanya riƙe da hannun jikanta. Mujallu ke saya, da ƙungiyoyi, wani lokaci da masu talla.

Daɗin hoton titi shi ne ba a shirya shi. Da zarar ka ce wa mutum “Malam, zan ɗauke ka”, sai ya gyara wuyan riga, ya miƙe ƙyam, fuskar ta koma irin ta katin shaida. Shi ya sa tun da kamfanin Leica na Jamus ya fito da ƙaramar kyamararsa a 1925, masu wannan sana'a ke neman yadda za su ɓace cikin jama'a. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto na Faransa, har rufe ƙyallin kyamararsa yake yi da baƙin abu don kada ta ja ido. Na fahimce shi sarai. Amma wanda ke cikin hoton fa, shi ma yana da haƙƙi.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka wani dattijo ya kai wani mai ɗaukar hoto, Philip-Lorca diCorcia, ƙara a 2005 saboda ya ɗauke shi a titi ba izini ya kuma sayar da hoton, kotu ta kori ƙarar. A Jamus kuwa tun 1907 akwai dokar da ta ba mutum iko a kan yaɗa hotonsa. Sai dai ni ba da doka kaɗai nake auna aikinmu ba.

Labarin da nake fara ba duk wanda ya shigo koyon aiki shi ne na Florence Owens Thompson. A 1936 mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ta ɗauke ta a jihar Kalifoniya ta Amurka, tana zaune cikin tsumma da tagumi, 'ya'yanta sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya zaga duniya, ya zama alamar talaucin wancan zamani. Sai a 1978 jama'a suka san sunanta, ta kuma ce ba a ko tambaye ta suna ba, an yi mata alkawarin kwafi ba a aiko ba, kuma ba ta samu komai ba. Lange ba muguwa ba ce, aikin gwamnati take yi, hoton ma ya sa an kai wa mutanen wurin agaji. Duk da haka matar ta shekara 40 da ɗoriya duniya na kallon talaucinta ba tare da ta zaɓi hakan ba. Wannan yana ci mini rai.

Don haka tsarinmu shi ne a ɗauka, sannan a matsa kusa a yi sallama a nuna wa wanda aka ɗauka. Ina son wannan lokacin ƙwarai: mutum ya kare hasken rana da tafin hannu, ya leƙa allon kyamarar, ya yi shiru, sai kuma murmushi ya kufce masa. Idan ya ce a goge, a gabansa ake gogewa, ko da shi ne hoton da ya fi kyau a ranar. Yara sai da yardar iyaye. Wanda ya faɗi, ko yake kuka, ko barci ya kwashe shi a gefen hanya, ba ma ɗauka sai in aikin labari ne da ya wajaba. Laɓewa daga nesa a zuƙo fuskar mutum kuwa, na hana.

Intanet ta ƙara nauyin abin, domin yanzu manhaja na iya gane fuska ta gano ko wane ne, kuma abin da aka ɗora ba ya dawowa. Talla ita ce inda na fi tsanantawa. Mun sha mayar da kwastoma da kuɗinsa saboda yana son fuskar wani talaka a jikin tallarsa alhali babu takardar amincewa. Kowane hoto a ma'ajiyarmu yana da bayanin abin da mai shi ya yarda a yi da shi. In sabon mai saye ya zo da wata buƙata daban, sai mu sake neman mutumin mu tambaye shi, in ba mu same shi ba hoton ba ya fita.